Ƙarin ruwan "wanke jijiyoyin zuciya": magani ne ko kasuwa?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga likitocinmu da malaman kimiyya. Mahaifinmu ya daɗe da ciwon suga, bara kuma ya samu bugun zuciya, Allah Ya sa da sauran shan ruwa. Yanzu yana kan aspirin da maganin kolestarol da na hawan jini. To wani abokinsa ya haɗa shi da wani asibitin kuɗi da ke ƙarin ruwa da wani sinadari wai shi EDTA. Sun ce masa jijiyar jini kamar bututun famfo take, kalsiyam ne ke taruwa ya toshe ta, wannan ruwan kuma yana narkar da shi ya fita ta fitsari. Har sun ce an yi bincike a Amurka an tabbatar. Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma ba shi ya fi damuna ba. Baba ya fara cewa in ya gama wannan zai huta da haɗiyar ƙwayoyi.

Alhaji Na Kwari: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Ni an yi mini a ƙasar waje, kuma wallahi na ji daɗin jikina. Da in na hau bene sai na tsaya na huta, yanzu babu wannan. Gani ya kori ji. Ku bar shi ya gwada.

Likitar Zuciya: Amin. Baban Ilham, kafin komai: kada Baba ya ajiye ko ƙwaya ɗaya daga cikin magungunansa. Ina wajen aiki, sai anjima zan yi bayani a tsanake. Malam, ka fara musu da ɓangarenku.

Malamin Kemistiri: To Dakta. EDTA ba baƙo ba ne a wajenmu, duk ɗalibin da ya taɓa auna taurin ruwan rijiya a ɗakin gwaji ya yi aiki da shi. Ferdinand Münz ne ya haɗa shi a Jamus a 1935, kuma masana'antar rini aka yi wa, don kalsiyam ɗin cikin ruwa yana ɓata musu launi. Fannin da yake ciki shi ne wanda Alfred Werner ya kafa wa harsashi a Zurik a 1893, ya samu kyautar Nobel a kansa a 1913: ƙwayar ƙarfe tana zama a tsakiya, wasu sinadarai su kewaye ta, kowanne ya miƙa mata lantarkinsa ya maƙale. Abin da ya bambanta EDTA shi ne shi kaɗai yana kama ƙarfen ta wurare shida, biyu ta naitirojin, huɗu ta oksijin. In ya kama, ƙarfen ba ya iya hulɗa da komai, sai ya bi ruwa, ƙoda ta tace shi.

Don haka maganar cewa yana kama kalsiyam gaskiya ce. Amma mu yi lissafi. A binciken da suke magana, giram 3 ake sakawa a kowane ƙarin ruwa. Ƙwayar EDTA ɗaya ƙwayar kalsiyam ɗaya take ɗauka, to giram 3 ɗin nan ko rabin giram na kalsiyam ba zai kwashe ba. Jikin babban mutum yana ɗauke da kusan kilo guda, kashi 99 cikin 100 a ƙashi da haƙori. Kuma wanda zai fara cin karo da shi shi ne kalsiyam ɗin da ke yawo a cikin jini, ba wanda ya daskare a cikin bangon jijiya ba. Da na jini ya ragu, jiki zai ɗebo daga ƙashi ya cike gurbin.

Alhaji Na Kwari: Malam, lissafin allo daban, jikin mutum daban. Ni da aka yi wa nake gaya maka.

Ɗan Anka: Alhaji da Malam, ku ba ni dama. Mu nan mun ga wanga magani da idonmu. A 2010 da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, daga baya aka gano Bagega ta fi su duka girma, yara sama da 400 suka rasu. Dutsen zinari ake kawowa gida a daka a niƙa, ƙurar ta cika tsakar gida, yara na rarrafe a ciki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka zo irin wanga magani mai kama ƙarfe suka riƙa ba yara, kuma mutuwar ta tsaya. To in ya ceci yaranmu, don me za a ce ba ya aiki?

Malamin Kemistiri: Ɗan Anka, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Misalinka ne ma ya fi fito da abin fili. Yawancin yaran wani maganin kama ƙarfe daban, DMSA, aka ba su ta baki, shi kuma da sulfa biyu yake kama ƙarfe, dalma tana son sulfa ƙwarai. Waɗanda gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har suna suma ne aka yi wa EDTA ta jijiya, shi ma wani nau'i ne da aka riga aka cika shi da kalsiyam tun daga kamfani. Dalili: riƙon da EDTA ke yi wa dalma ya fi wanda yake yi wa kalsiyam ƙarfi fiye da sau miliyan goma. In ya shiga jini da kalsiyam a hannunsa, da ya haɗu da dalma sai ya saki kalsiyam ya cafke ta. A nan an san abokin gaba, an auna shi a jini, an ga ya sauka. Kuma ka fi ni sanin cewa sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin a fara ba yaran ƙauye magani, shi ya sa na Bagega suka yi ta jira har 2013.

Maman Sadik: Ni nas ce, kuma wannan bambancin nau'i biyun da Malam ya faɗa shi ne ya fi ba ni tsoro. Sunayensu kusan ɗaya ne a jikin kwalba. Wanda babu kalsiyam a cikinsa, in aka sake shi da gudu, kalsiyam ɗin jini zai faɗi lokaci guda, zuciya ta rikice ta tsaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum uku da suka mutu ta haka tsakanin 2003 da 2005, biyu yara ne. A 2008 hukumar magunguna ta ƙasar ta janye amincewarta da wannan nau'in. Kuma shi ne dai nau'in da masu "wanke jijiya" ke amfani da shi. Baban Ilham, ka tambaye su ko suna auna kalsiyam da aikin ƙoda kafin kowane zama. Mai ciwon suga na shekaru, ƙodarsa ba abin wasa ba ce.

Likitar Zuciya: Na dawo. Bari in yi wa asibitin nan adalci tukuna: ba ƙarya suka yi ba da suka ce an yi bincike. Rabin labarin suka bayar.

Abin ya samo asali tun 1956, lokacin da wani likita a Detroit, Norman Clarke, ya rubuta cewa masu ciwon ƙirji da ya yi wa EDTA sun ji sauƙi. Daga nan ya zama sana'a, shekara kusan hamsin ana yi ba tare da babban gwaji ba. A 2003 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin gwajin da ake kira TACT, ƙarƙashin Dakta Gervasio Lamas. Mutum 1,708 ne, duk sun kai shekara 50, duk sun taɓa samun bugun zuciya. Aka raba su ta ƙuri'a, rabi ana ba su EDTA, rabi ruwan da babu maganin a ciki, zama 40 kowanne, kowane zama aƙalla awa uku. Sakamakon ya fito a mujallar JAMA a 2013, kuma ya ba likitocin zuciya mamaki, don kusan kowa ya ɗauka za a binne maganar ne. Waɗanda suka mutu, ko suka sake samun bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko aka yi musu aikin buɗe jijiya, ko aka kwantar da su don ciwon ƙirji: kashi 26 cikin 100 a ɓangaren EDTA, kashi 30 a ɗaya ɓangaren. A cikin masu ciwon suga, su 633, ratar ta fi haka nesa, 25 da 38.

Sai dai da walakin. Mutane da yawa sun fice daga gwajin kafin a gama, ratar gaba ɗaya da ƙyar ta tsallake ma'aunin da ake cewa ba dace ba ne, kuma in ka ware mutuwa ita kaɗai, babu bambancin kirki. Steven Nissen na asibitin Cleveland ya rubuta sharhi mai zafi a mujallar a lokacin. Shi kansa Lamas bai ce a fara yi wa kowa ba, cewa ya yi a maimaita.

Aka maimaita. TACT2, mutum 1,000, wannan karon duk masu ciwon suga da suka taɓa samun bugun zuciya, wato irin Baba sak. An bayyana sakamako a Afrilun 2024: kashi 35.6 a ɓangaren EDTA, 35.7 a ɗayan. Babu komai. Dalmar jininsu ta sauka da kusan kashi 60 cikin 100, wato maganin ya yi aikin kemistirinsa, amma zuciyarsu ba ta amfana ba. Duk wanda ya kawo maka 2013 ya ɓoye 2024, ko bai karanta ba ne ko kuma ya karanta.

Baban Ilham: Ikon Allah. Wallahi ko sau ɗaya ba su ambaci na biyun ba.

Alhaji Na Kwari: Dakta, da girmanki, amma Turawan nan kowa ya san kamfanonin magani ne ke juya su. Maganin da ba shi da tsada a wajensu, ba za su bari ya yi suna ba. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini me ya sa na daina haki.

Likitar Zuciya: Alhaji, ba na musun ka ji sauƙi, Allah Ya ƙara lafiya. Amma mutumin da ya jagoranci gwajin farko da ya ba EDTA nasara shi ne ya jagoranci na biyu, kuma gwamnati ce ta biya duka biyun. In da wanda yake son na biyun ya yi kyau a duniya, shi ne. Batun haki kuma, in tambaye ka: a lokacin da kake zuwa, ba su hana ka wasu abinci ba, ba su ce ka riƙa tattaki ba?

Alhaji Na Kwari: Sun hana ni maiƙo da lemon kwalba. Ina zagaya unguwa bayan asuba. Amma ai wannan kowa yana faɗa.

Auwal Ɗalibi: Alhaji ya amsa wa kansa, hhh. Malam, ni tambayata daban ce. In ba a kankare kalsiyam ba, ta yaya jini ke ƙara gudu a jijiya? Na ga kakata tana saka wata ƙaramar ƙwaya a ƙarƙashin harshe in ƙirjinta ya riƙe, cikin minti kaɗan ta ware.

Malamin Kemistiri: Yawwa Auwal, nan ne wurin da ƙarfe yake da hannu a gudun jini da gaske, kuma ba ta hanyar da 'yan kasuwar nan ke faɗa ba. Jijiya ba ƙarfe ba ce ko roba, tana da tsoka a bangonta, tana matsewa tana saki. Wani likitan Faransa, Poiseuille, ya nuna tun wajen 1840 cewa gudun ruwa a siririyar hanya yana bin faɗinta in aka ninka shi da kansa har sau huɗu: in faɗin ya ragu da rabi, abin da zai wuce ya koma kashi ɗaya cikin 16. In ya ƙaru da kashi 19 cikin 100 kacal, gudun ya ninka. To ɗan motsi kaɗan na tsokar nan babban abu ne.

Me ke ba tsokar umarnin ta saki? A 1980 Robert Furchgott a New York ya lura cewa in aka goge siririn rufin cikin jijiyar zomo, ta daina saki. Wato rufin yana fitar da wani abu. Sai a 1986 zuwa 1987 aka gane cewa iska ce, naitirik oksaid, ƙwayar naitirojin ɗaya da ta oksijin ɗaya, wadda da can hayaƙin mota kawai aka san ta da shi. Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka samu Nobel a 1998. An bar Salvador Moncada a waje, abin da har yau wasu ke ƙorafi a kai, ni ma ina cikinsu.

Ga inda namu kemistirin ya shigo. A cikin tsokar akwai wani furotin mai ɗauke da ƙwayar ayon, wato baƙin ƙarfe, a tsakiyar zobe, irin zoben da ke cikin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini. Ayon ɗin yana riƙe da naitirojin huɗu na zoben, na biyar kuma daga ƙasa yana ɗaure da jikin furotin ɗin. Da naitirik oksaid ta zo ta maƙale wa ayon, sai wancan ɗaurin na biyar ya tsinke. Tsinkewar nan ita ke sauya siffar furotin ɗin ya fara sarrafa wani sinadari mai suna cGMP, shi kuma ya sa tsoka ta saki. Ƙwayar kakarka naitirogilisarin ce, jiki yana mayar da ita naitirik oksaid. Tun 1879 William Murrell ya rubuta amfaninta ga ciwon ƙirji a Landan, aka yi shekara kusan ɗari ana sha ba a san yadda take aiki ba.

Likitar Zuciya: In ƙara a kan na Malam. Yawancin aikin naitirogilisarin ma a jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ne, suna buɗewa, nauyin da ke kan zuciya ya ragu. Kuma abin da ke toshe jijiya ba kalsiyam zalla ba ne. Kitse ne da ƙwayoyin kumburi da tabo, a cikin bangon, ƙarƙashin rufin. Bugun zuciya galibi yana zuwa ne lokacin da murfin tarin kitsen mai taushi ya fashe, jini ya daskare a kansa nan take. Maganin kolestarol da Baba ke sha yana rage kitsen, ya ƙarfafa murfin, har ma hoto kan nuna kalsiyam ya ɗan ƙaru a wurin alhali haɗarin ya ragu. Aspirin kuma yana hana daskarewar. Waɗannan su ne yake son ajiyewa.

Maman Sadik: Malam, ka manta da wanda muke naɗe wa leda mai duhu a ɗakin kulawa ta musamman.

Malamin Kemistiri: Ina zan manta, shi muke fara koya wa ɗalibai. Naitirofurusaid: ayon a tsakiya, sayanaid biyar da naitirik oksaid ɗaya sun kewaye shi. Lyon Playfair ya bayyana shi a 1849. Yana shiga jini ya saki iskar, hawan jini ya sauka cikin daƙiƙu. Haske yana wargaza shi, shi ya sa kuke rufewa. In aka daɗe ana ba da shi da yawa, sayanaid ɗin yana taruwa, kuma ɗaya daga cikin makarinsa shi ma na gidanmu ne: wani nau'in bitamin B12 mai kobal a tsakiya, ya cafke sayanaid ɗin a fitar ta fitsari. Haka hayaƙin janareta da ke kashe iyali a ɗaki, kabon monoksaid ne ya hau kujerar oksijin a kan ayon ɗin himogulobin, riƙonsa ya fi na oksijin sau 200 da wani abu.

Famasis Kabiru: Tunda an zo nan, in yi gargaɗi ga maza. Sildenafil, wanda kuka sani da Viagra, yana hana jiki rusa cGMP ɗin da Malam ya faɗa. Mai saka ƙwayar ƙarƙashin harshe ko mai shan isosobaid, ɗan uwanta na ciwon ƙirji, in ya haɗa da sildenafil, jini zai faɗi ƙasa warwas, ana mutuwa a haka. Kuma an sha kama kayan "ƙarin ƙarfi" da ake cewa na gargajiya ne zalla da sildenafil a ɓoye a ciki. Kada kunya ta hana mutum gaya wa likitansa abin da yake sha.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan karanta wa Baba bayanin Dakta da bakina, don in na ce ra'ayina ne ba zai saurara ba.

Maman Sadik: Ni ma ina da tambaya, ta gida. Sadik sikila ne. Na karanta cewa in jajayen ƙwayoyin jininsu suna fashewa, himogulobin ɗin da ya zube yana cinye naitirik oksaid ɗin. To me ya sa ba a ba su maganin da zai ƙara ta?

Likitar Zuciya: Haka ne Maman Sadik, rukunin Mark Gladwin suka nuna wannan a 2002. Himogulobin da ke cikin ƙwaya a killace yake, wanda ya zube kuwa kai tsaye yake haɗuwa da iskar ya lalata ta, jijiya ta kasa saki. Tunanin da kika yi shi masu bincike suka yi. Aka gwada sildenafil a kan masu sikila da ake zargin jinin huhunsu ya hau, sai aka dakatar da gwajin a 2009, domin waɗanda ke shan maganin sun fi kwanciya asibiti da ciwon ƙashi. A takarda komai ya yi daidai. Ki ci gaba da abin da likitansa ya ɗora shi a kai. In ana yawan ƙara masa jini, a riƙa auna ayon ɗinsa, don a nan maganin kama ƙarfe irin su difarasiroks yana da aiki na gaske.

Ɗan Anka: Dakta, wani abu ya tsaya mini. Kin ce a gwaji na biyu dalmar jininsu ta sauka amma ba su amfana ba. Nawa ce dalmar tasu tun farko?

Likitar Zuciya: Tambaya mai kyau. Kaɗan ce ƙwarai, ƙasa da maikirogiram 1 a kowace desilita. Su Lamas ma da wannan suka kafa hujja, cewa tsakanin gwajin farko da na biyu dalmar jinin Amurkawa ta ragu sosai, ƙila babu sauran abin cirewa. Hasashe ne, ba su tabbatar ba. Amma cewa dalma tana ɗaga hawan jini, tana lalata ƙoda, tana rage naitirik oksaid a jijiya, wannan yana da hujjoji masu yawa.

Ɗan Anka: To a wajenmu yaro sai tasa ta kai maikirogiram 45 kafin a fara ba shi magani, wasu ma na'urar ta kasa karanta nasu don yawa. Iyayen da suka yi daka da niƙa fa? Yaran da suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata. A 2015 an sake yin irinsa a Rafi ta jihar Neja.

Alhaji Na Kwari: Kun gani? Ashe dai maganata ce. A wajenmu zai yi aiki.

Malamin Kemistiri: A'a Alhaji, ba maganarka ba ce. Kai an auna dalmar jininka kafin a ɗaura maka ruwan?

Alhaji Na Kwari: Ba su ce a auna ba.

Likitar Zuciya: Wanda aka auna aka samu tasa ta hau, maganin gubar dalma za a yi masa, da nau'in da ya dace, bayan an raba shi da inda yake samunta: wurin haƙa, fasa tsohon batir, ko kwallin dutse da ake saka wa jarirai, wanda yawancinsa dalma ce da sulfa. Ko hakan zai rage masa bugun zuciya nan da shekara goma, sai an raba mutane gida biyu ta ƙuri'a an bi su kafin a ce e. Ɗan Anka, in kana da hanyar ma'aikatan lafiyar yankinku, abin da za a fara nema mai sauƙi ne: a riƙa auna hawan jini da aikin ƙodar waɗanda suka taso a ƙauyukan nan, a rubuta a ajiye.

Ɗan Anka: Akwai wani ƙanen babana da ke aiki a ɗakin shan magani. Zan kira shi da dare in sha Allah.